Ramin da Ba Mu Zuba Wa Iri Ba

Bana ruwan shuka ya sauka mana da yammacin wata Laraba, mai ƙarfi, har ya cika kwarin bayan gari. Gari na wayewa kowa ya fita da sungumi da ƙwaryar iri. Ƙasarmu, nan gabas da Atantane, jigawa ce, ba ta riƙe laima. In ka yi nawa ta bushe, sai ka zauna jiran wani ruwan da ba ka san ranar zuwansa ba. Shi ya sa ranar shuka ba a barin kowa a gida, har irina da gwiwa ta fara yi wa gardama.

Yadda muke shuka bai sauya ba tun ina yarinya. Namiji yana gaba yana saran rami da sungumi, mace tana biye, ta jefa iri ta rufe da diddige. Wadda ke baya ba ta da abin kallo sai ƙeyar mai sungumi, ba ta da abin saurare sai numfashinsa. Na haura shekara arba'in kusan kullum ina bin bayan mutum ɗaya, mai gidana, wanda nake ce wa Malam. Bana ya ce kafaɗarsa ta gaji, ya miƙa sungumin ga Laminu, ɗan ƙaninsa marigayi Sani. Laminu a hannunmu ya tashi, shi da ƙaninsa Nuhu. Yanzu magidanci ne, da mata da goyo, yana ɗaukar mutane a moto, wato babur, tsakanin garinmu da Mayahi. Malam ya koma can baya da tasa ƙwaryar, ni na bi Laminu. Ba mu kai tsakiyar gona ba na fara jin wani ɗan kuka siriri a ƙirjinsa, irin na zugazugin maƙeri in ya huje. Na san sautin, don ba yau na fara jinsa a gonar nan ba.

Farkon jina shi ne shekarar da azumi ya faɗo daidai da shuka. Daminar da ta gabace ta ba ta yi ba, hatsi ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Kafin bazara ta shigo sosai rumbunmu ya zama ɗakin ɓeraye, su ma ɗin daga baya suka yi ƙaura. Ina da goyon 'yar fari a lokacin. Malam bai daɗe da dawowa daga bida ba, can kudu, inda maza kan tafi neman abin rufin asiri da rani. Abin da ya kawo mana bargo ɗaya ne, da rediyon da ba ya magana, da taba. Bargon ya yi mana amfani.

Zafin wannan shekarar ban ƙara ganin irinsa ba. Tun da hantsi yashi yake cin tafin ƙafa. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, mu fito muna kallo, iska ta taso ta watsa shi, ta bar mu da gumi. Abin da ya fi damuna shirun garin ne. A ƙauye da la'asar ƙarar turmi kake ji ta kowace kusurwa, amma a watan nan sai ka ratsa unguwa guda ba ka ji taɓarya ta sauka ba, don babu abin dakawa. Anza, 'ya'yan wata itaciyar daji, muke jiƙawa kwana da kwanaki muna sauya mata ruwa har ɗacinta ya ragu. Mu tsinko ganyen jiga da yaɗiya mu dafa, mu barbaɗa ɗan garin rogo a kai in an samu. Da sahur kunun dusa ne, tsararo, wanda kana iya ganin fuskarka a cikinsa. Daga nan maza su kama hanyar gona tun rana ba ta fito ba, mu mata mu yi rijiya, mu dawo mu kama neman ganye. Da azahar kowa ya nemi gindin aduwa ya miƙe, ba mai ƙarfin yi wa wani magana.

In magariba ta kusa, kowa ya zauna gaban abin da ya samu yana jiran ladan. Wani ruwa, wani ɗan kunu. Malam kuwa karan sigari yake saƙalewa tsakanin yatsu, ashana a ɗaya hannun, kunnensa a masallaci. Ladan na buɗe baki shi ma ya ƙyasta. Hayaƙi ne yake fara shiga cikinsa kafin ruwa. Sai in ga idonsa ya juya, ya dafa ƙasa, jiri ya sake shi, sannan ya tuna akwai wani abu wai shi ƙishirwa. Ba wanda ya ga abin mamaki a nan. Duk garin an yarda taba tana kashe yunwa, kuma a shekarar da babu hatsi duk abin da ke kashe yunwa ba a yi masa kallon maƙiyi. In ya sha, ɗan abincin da na ajiye masa ma rabi yake ci.

Da ruwa ya sauka muka fita shuka da azumi a bakinmu, 'yata a bayana, ƙwarya a hannu. Layukan farko ramukan Malam masu zurfi ne, tazararsu daidai. Da rana ta ɗaga sai na ga sun fara zama sama-sama, wani ma ƙarzar ƙasa kawai ya yi ya wuce. Sannan na ji kukan nan a ƙirjinsa. Ya kan tsaya ya jingina da ƙotar sungumi, ya yi tari har jijiyar wuyansa ta fito, ya tofar, ya ce mini ƙaiƙayi ne ya shige shi. Ban san inda aka sami ƙaiƙayi a garin da ba a sussuka ba. Washegari bai kai ƙarshen layi ba ya durƙusa. Abin da ya tofar a kan yashi da ja a cikinsa. Na ji tsoro ƙwarai, don in mai sungumi ya faɗi ranar shuka, gidan ne gaba ɗaya ya faɗi.

Ƙaninsa Sani ne ya ƙarasa mana shukar. Saurayi ne a lokacin, dogo, mai ƙirji, ga surutu. Tsakanina da shi wasan ƙanin miji ne, kullum cewa yake miyata ba gishiri, ni kuma in ce ya yi aure mu ga tasa. Shi ya ɗora yayansa a amalanke muka kai shi likita a Mayahi. Ma'aikacin da ya duba shi wani siririn mutum ne mai tabarau. Ya sa abin saurare a bayan Malam, ya sa aka gwada majinarsa, ya ce ba tarin fuka ba ne. Ya kama yatsun Malam ya juya su, ya ga inda hayaƙi ya rina.

"Bon," ya ce da ɗan Faransancinsa, "kai ne ka ke toya huhunka da hannunka. Kuma ba huhu kaɗai ta ke ci ba, har zuciya. Ɗiyar ga da ke bayan uwarta, ɗaki guda ku ke kwana?"

Malam ya ce, "Awo."

"To ita ma tana sha, ba ta dai saye. Ba ka jin tana tari?"

Tana yi kuwa, mu muna cewa haƙori ne. Malam ya sunkuyar da kai ya ce ya sha gwada bari, abin ya gagara.

Mutumin ya ce, "Kana azumi?"

"Ina yi."

"Tun asuba har magariba wa ke tsaronka? Babu kowa. Ashe ka iya. Rabin aikin ka riga ka yi shi, saura daga magariba zuwa kwana. In sha'awar ta taso ba ta daɗewa, ka sha ruwa, ka tauna asuwaki, ka tashi daga inda ka ke, za ta wuce. Kwanakin farko za ka ji jiki, ka hwaɗa ma mutanen gidanka su yi haƙuri da kai. Kuma kar ka ce kara guda ba komi ba ne."

A hanyar dawowa Malam ya ciro ashana daga aljihu ya miƙo mini, bai kalle ni ba. Na ƙulle ta a bakin zane.

Ni kuma na yi tawa dabarar. Da magariba na daina ba shi ruwa a moɗa. Babbar ƙwaryar da nake tankaɗe a ciki na wanke, na cika ta, don ba ta ɗaukuwa sai da hannu biyu. Mutumin da hannuwansa biyu ke riƙe da ƙwarya ba shi da na ƙyasta ashana. Yana saukewa in tura masa kunu, yana gamawa in miƙa asuwaki, Sani ya ja shi masallaci. Bayan salla ya daina bi ta wajen mai tebur, inda mashaya ke zama, sai ya zagayo ta bayan gari ko da hanyar ta fi nisa.

Kwanakin farko mun ji jiki kamar yadda aka faɗa, mu ma da ba mu taɓa sha ba. Malam, mutumin da ba ya ɗaga murya, ya yi faɗa da ni a kan gishiri, ya yi faɗa da Sani a kan igiya, wata rana na same shi yana yi wa jaki dogon bayani a kan rashin kunya. Kansa yana sarawa, barci ya ƙi. Tarin ma ƙaruwa ya yi, yana fitar da wata baƙar majina, har na ce ko an yi kuskure ne. Sau ɗaya ya zame. Ranar kasuwa ya dawo da yamma, bayan an sha ruwa, warin na biye da shi tun daga zaure. Na ɗauki tabarmar yarinya na shimfiɗa a tsakar gida, muka bar masa ɗakin. Da safe ya ce in ƙara cika ƙwaryar.

Ana haka hatsi ya tsiro, ciyawa ta taso tare da shi, aka shiga noman farko. A lokacin gayya ake yi. Mai babbar gona ya kira samari da magidanta, su jeru da hauya mai doguwar ƙota suna turawa a tsaye, maroƙi na binsu da ganga, kafin azahar an share gona. Hakkin 'yan gayya a kan mai gona shi ne ya ciyar da su, tuwo da fura da goro. In azumi ne, sai ya ba kowa abin da zai kai gida ya yi buɗe-baki. To a shekarar nan wa ke da hatsin ciyar da jama'a? Sai masu gona suka koma sayo kwalin sigari, a raba wa kowa 'yan karare, a ce ga na kashe yunwa. Mai sha da wanda ba ya sha, kowa a miƙa masa nasa. Ba a mayar da rabon gayya, cin fuska ne ga mai gona.

Malam ya fara samun ƙarfi, ya je gayyar wani dattijo a hanyar garin Sarkin Hausa. Ya dawo da la'asar sakaliya, ya zauna a bakin ɗaki, ya cire hula, sai ga kararen nan a ciki. Ya ajiye su a kan tabarma yana kallo. Magariba tana matsowa, na ga yatsunsa suna motsi su kaɗai. Zubar da su bai zo wa kowa a rai ba. A watan nan ko ruwan da aka wanke dusa ba ma zubarwa, balle abin da aka saya aka ba ka. Kuma a gidanmu, kamar kowane gida, abin da babba ya gama da shi na ƙarami ne. Rigar da ke jikin Sani ta Malam ce, takalmansa na Malam ne, hauyar da yake noma da ita ma haka.

Sani ya shigo yana waƙar gayya, ƙura har gira. Malam ya ce, "Sani, zo ka amshi wanga."

Sani ya leƙa ya yi dariya. "Yaya, ni ai ban iya ba."

"Ba wani abin iyawa. Tana kashe yunwa. Kai dai ɗauke mani ita daga gabana."

Ya kwashe ya zuba a aljihu, ya juyo ya ce mini, "Kin gani ko? Yau na huta da miyarki." Muka yi dariya. Ladan ya kira, Malam ya ɗauki ƙwaryarsa da hannu biyu, ya sha ruwa. Mun ji daɗi a ranar, mun ga ya ci jarrabawa. Babu wanda ya ga wani abu a ciki, har ni. Daga nan duk gayyar da aka je, rabon Malam aljihun Sani yake wucewa, ya haɗa da nasa. Na farko da ya kunna a bayan danga, tari ya yi har da hawaye, yara suna yi masa dariya. Kafin a fara gasa tumu ya daina tarin, ya kuma daina jiran gayya, da kansa yake zuwa wajen mai tebur.

Daminar ta zo da sauƙi daga baya. Ruwa ya zauna, wake ya yi yaɗo, muka ji ƙarar turmi ta dawo. Malam ya murmure. Ya fara cewa abinci yana da ɗanɗano, har ya gano cewa miyata da gishiri. Tarin yarinya ya tafi. Da kaka shi ya riƙa ɗaukar dami a ka daga gona har gida ba tare da ya sauke ba. Bai ƙara sa taba a bakinsa ba har yau, ga shi da furfura yana cin tuwo fiye da ni.

Sani ya yi aure, miyar matarsa ta fi tawa, na yarda. Shekaru suka tafi. Wata damina Malam ya yi targaɗe, Sani ya karɓi sungumi, na bi bayansa, na ji kukan nan a ƙirjinsa karo na biyu. Na faɗa masa, ya ce kunnena ne ya tsufa. Malam ya yi masa magana ba sau ɗaya ba, amma a hankali, yana kallon gefe, ba kamar yadda wa ke yi wa ƙani ba. Sani ya gwada bari. Wani ya ce masa hayaƙin ne matsalar, sai ya koma garin taba da kanwa yana cusawa a leɓe, ƙarshe ya haɗa biyun. Mutumin da ke jan layin gayya ya zama in zai hau jigawar bayan gari sai ya huta a tsakiya. Ya rame, muryarsa ta dushe. Aka kai shi Tasawa, daga can aka ce Maraɗi, a Maraɗi aka ce ciwon daji ne a huhu, kuma ya yi nisa. Ya rasu da kaka, hatsinsa na shanye a gona ba a ɗaure ba. Na yi kukan Sani fiye da yadda na yi na wasu 'yan uwana na jini. Malam bai yi kuka a gaban mutane ba, bai kuma taɓa tayar da zancen hular nan ba. Abin da na lura kawai, tun daga lokacin ko tsohuwar riga zai ba wani sai ya lalube aljihunta tukuna.

Yanzu gayya ta ja baya, 'yan ƙwadago ake ɗauka. Azumi ya zagaya ya bar damina. Yunwa irin waccan ba mu ƙara gani ba, Alhamdu lillahi, ko da yake kowace shekara tana leƙowa. Taba kuwa ba sai an je gayya ba, kowane tebur akwai ta, kara-kara, samari na zaune a fada suna haɗa ta da shayi. Ba mai cewa tana kashe yunwa kuma. Laminu cewa ya yi tana hana shi gyangyaɗi a kan moto.

Da muka kai ƙarshen layi ranar shukar bana, ya tsaya ya jingina da ƙotar sungumi, ya yi tari, ya share baki da hannun riga. Ya ga ina kallonsa.

"Sanyi ne, Inna. Iskar moto."

Na ce, "Na bi bayan Malam, na bi bayan ubanka. Ba sai ka hwaɗa mani ko mi ne ne ba."

Malam ya iso da ƙwaryarsa, ya tsaya, bai tambayi abin da ake ciki ba. Laminu ya sosa ƙeya ya ce ya daɗe yana so ya bari, matarsa ma ta dame shi, jaririn ba ya rabuwa da mura. Ya zaro kwalin daga aljihu, sabo, ko rabi bai sha ba.

"Wallahi Baba daga yau na bari. Wanga kuwa in mun koma gida sai in miƙa ma Nuhu, kar ta lalace a banza."

Ban taɓa ganin fuskar Malam haka ba. Ya ajiye ƙwarya a ƙasa a hankali, ya karɓi sungumin daga hannun Laminu, shi da ya ce kafaɗarsa ta gaji. Ya ɗaga ya sara a cikin layi, ya ƙara sarawa a wurin, har ramin ya kai ga jar ƙasa.

Ya ce, "Ubanka, karan da ya fara sha, daga hannuna ya amsa. Ni na ce mashi ya ɗauke mani ita daga gabana. Ni ma gudun asara na yi."

Laminu ya dubi Malam, ya dube ni. Na gyaɗa masa kai, don ina wurin. Ya daɗe da kwalin a hannu, sannan ya sunkuya ya sa shi a ramin. Malam ya juyo gare ni kamar yadda ya saba in ya sara rami. Na sa diddige na rufe, na danna sosai. Muka ci gaba da shuka, don laima ba ta jiran kowa.

Da yamma na ciro babbar ƙwaryar na kai wa matar Laminu, na gaya mata yadda ake yi da ita, na ce ta shirya wa faɗa a kan gishiri. Ko zai ɗore, ban sani ba. Yau ya yi kwanaki yana yawo da asuwaki a baki yana yi wa moto masifa, na ce madalla, alama ce mai kyau.

Hatsin ya tsiro layi-layi, kore shar, sai gurbi ɗaya a ƙarshen layin gabas. Shekaranjiya muna cikin gonar, sai Nuhu ya gani, bai san labarin ba, ya ce bari ya ciro dashe ya cike wurin. Malam ya ce ya bar shi haka.